Neman shawara: keken dutse mai shok gaba da baya wanda ba zai ci ƙarfina a hawa ba

Baban Sadiya, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hawan keke. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, kuma lokaci ya ƙure mini, domin wanda zai saya mini keken yana jiran amsata kafin ƙarshen mako.

Asalin maganar, likita ne ya ce sukari ya fara hawa mini, ya umarce ni da motsa jiki, ni kuwa gwiwata ba ta son gudu. Sai na ɗauko tsohon Phoenix na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe a jingine a zaure, aka sa masa taya da sarƙa, na fara zagaye bayan sallar asuba daga unguwarmu zuwa Ƙofar Ƙwaya in dawo. Da jiki ya saba, na sayi keken gwanjo mai giya wanda yake da shok a gaba kawai. Daga baya aiki ya mayar da ni Dutsin-Ma, inda nake kwana a ranakun aiki, kuma a can ne na gane cewa abin da raina yake so shi ne hawan falalen duwatsun da ke gefen gari da 'yan hanyoyin da awaki suka fitar a tsakaninsu. Damuwar ita ce ƙuguna. Duk ranar da na sauko ta kan gargada, bayan keken yana dukana har cikin ƙashi, ta yadda idan azahar ta yi ruku'u ma sai na yi shi a hankali.

Ƙanin maiɗakina yana zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma zai sako mini keke a kwantenar da zai aiko da kayansa. Ya samo guda biyu na hannu. Ɗaya Specialized Enduro ne mai jikin kabon, shok ɗinsa yana iya lotsawa har milimita 170 gaba da baya. Ɗayan kuma Giant Trance 29 ne na alminiyam, milimita 130 a gaba, na baya kuma bai kai haka ba. Zuciyata ta fi karkata ga Enduro, saboda mai shi ya yi ragi sosai, kuma ni da wasu abokai muna da niyyar zuwa duwatsun Shere a Jos idan an yi dogon hutu. Sai dai na ji ana cewa irinsa yana cin ƙarfin mutum a hawa, ni kuwa hawan ne abin da ya kai ni. Wanne zan ce ya saya?

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Malam, ka bar Enduro, kuma ba na shakka a kan wannan. An ƙera shi ne domin gangara mai tsanani da tsalle, irin wuraren da mota ko igiyar sama take kai mutum bisa dutse ya sauko a guje. Kai kuma ƙafarka ce za ta kai ka sama.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da ka danna feda, nauyinka yana komawa baya, shok ɗin baya ya lotsa sannan ya dawo, kuma wani kaso na ƙarfin da ka sa yana tafiya a wannan lotsawar maimakon ya tura keken gaba. Masu ƙira suna rage wannan ta hanyar tsara mahaɗan bayan keke yadda jan sarƙa zai riƙe shok ɗin, kuma kowane kamfani da nasa tsarin: Giant suna kiran nasu Maestro, Specialized suna da FSR, Santa Cruz suna da VPP. Duk da haka, milimita 170 ba za ta taɓa tsayawa da ƙarfi kamar milimita 120 ba. Ga kuma nauyi, domin kekunan gangara yawanci suna kaiwa kilo 16, na tsaka-tsaki irin Trance kuma tsakanin kilo 14 da 15, na tsere kuwa ƙasa da 12.

Abu na biyu shi ne miƙewar bututun da sirdi yake kai. Kekunan da aka ƙera daga wajen 2019 zuwa yau sun miƙar da shi zuwa digiri 76 har 78, wanda yake sa mahayi ya zauna daidai saman feda, tayar gaba kuma ba ta ɗagawa a hawa mai tsauri. Na uku giya ce. Ka tabbata akwai giya 12 a baya da faranti guda a gaba. SRAM, masu ƙera giya da birkin keke, suka fito da wannan tsari a 2016 da farantan baya masu haƙora 10 zuwa 50, na kamfanin Shimano kuma 10 zuwa 51 ne. Idan farantin gaba yana da haƙora 32, babban na baya kuma 51, juyin feda ɗaya yana kai ka kusan mita ɗaya da rabi kawai a kan taya mai inci 29, kuma da wannan ake hawa dutse a zaune ba tare da gwiwa ta wahala ba.

Da ni ne ma, zan ce surukinka ya nemo Scott Spark, wanda yake da makunni a kan hannu da za ka ƙulle shok gaba da baya da babban yatsa. Da Spark ɗan tseren keken dutse Nino Schurter ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Amma kafin komai, mene ne tsawonka, wace lamba ce girman kowane keke, kuma na wace shekara ne? Ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Malam Mai Gyara, Ƙofar Marusa:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara sani, amma ni daga inda nake zaune nake kallon abin. Ranka ya daɗe Baban Sadiya, idan shok ɗin bayan nan ya fara zubar da mai, wa zai buɗe maka shi? Masu shok ƙirar RockShox sun ce a yi masa ƙaramin gyara bayan awa 50 na hawa, masu ƙirar Fox kuma sun ce babban gyara bayan awa 125 ko shekara guda, kuma wannan lissafin ba da ƙurar hunturunmu aka yi shi ba. An taɓa kawo mini wani irinsa, da na zare ƙusar mahaɗin baya sai na tarar boris ɗin ya cika da jar ƙasa ta haɗu da giris ta zama kamar tuwo, ƙwayoyin sun ci juna, kuma lambarsa ba ta cikin waɗanda ake samu a shagunan kayan babur. Iskar shok ma ba da injin mai faci ake ba ta ba, akwai ɗan famfonta na musamman mai kai awo 300.

Kabon kuwa idan ya bugi dutse ya tsage ta ciki, ido ba lallai ya gani ba, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Shawarata ita ce ka riƙe keken da ke hannunka, a sa masa taya mai faɗin inci 2.4 idan jikinsa zai ɗauka, a cire tiyub a zuba ruwan toshe huda saboda tsaidau da ƙayar aduwa, a rage iska, a ɗaga kan keken kaɗan. Rabin dukan da kake sha zai tafi.

Baban Sadiya:

Na gode Injiniya, na gode Malam. Sai dai Malam, maganar in ci gaba da wanda nake da shi ba ta taso ba, domin ni ne nake kwana da ciwon, kuma na riga na rage iskar taya ban ga wani sauƙi ba. Game da kabon, surukina mutum ne mai lura, ya ga keken da idonsa ya ce babu ko ƙwarzane. Injiniya, Enduro ɗin ma yana da ɗan makunni a jikin shok na baya, na gani a hoto. Ashe idan na ƙulle shi a hawa ba shi ke nan ba? Kuma kada a manta da tafiyar Jos, ba na so in sayi keke yanzu in je can in tarar ya yi mini kaɗan.

Ɗan Daura:

Yaya Baban Sadiya, ni abin da ya fi damuna shi ne kwantenar. Nawa keken ta haka ya zo, bayan watanni ana ce mini yau ko gobe, kuma da aka buɗe sai ga ɗan ƙarfen da yake riƙe abin canza giya ya lanƙwashe, sandar da ke ratsa tayar gaba kuma babu ita sam. Wanda ya yi dakon ya ce haka aka ba shi, wanda ya ba shi ya ce lafiya lau ya miƙa. Keken ya yi ta zama a ɗaki ina kallonsa har sai da wani mai zuwa daga waje ya taho mini da ita a aljihun jaka. Kuma yanzu da yake tafiya, ina zan hau shi cikin kwanciyar hankali? Hanyar Daura zuwa Katsina masu motocin haya ba su ɗauki mai keke a bakin komai ba, sai su matse ka har ka sauka gefen kwalta cikin yashi. Na sha faɗa cewa ya kamata mu haɗu mu je mu gana da shugabannin direbobi a tasha, amma kowa ya yi shiru.

Maman Walida:

Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma maigidana yana cikin masu wannan harka. Ciwon ƙugu a kan keke sau da yawa daga girman keken yake zuwa, wato idan ya yi wa mutum tsawo yana miƙa hannu fiye da kima, ko sirdi ya yi sama har ƙugu yana karkata hagu da dama. Idan haka ne naka, sabon shok ba zai raba ka da shi ba, don haka ka koma wa likitan da ya sa ka motsa jiki ka gaya masa. Sannan don Allah a riƙa lura da inda ake shiga. Kowa ya san halin tsaro a yammacin jiharmu, kuma Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana. Ni duk ranar da ya fita shi kaɗai, hankalina ba ya kwanciya sai na ji ƙarar ƙofa.

Ɗalibi daga Batagarawa:

Yallaɓai Injiniya, tare da girmamawa, ina ganin an ba nauyi muhimmancin da ya wuce nasa. Idan mahayi yana da kilo 80, shi da keke sun kai kilo 95 ko kusa, bambancin kilo 2 kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Abin da ya fi cin ƙarfi shi ne tayoyin gangara, waɗanda kowace takan wuce kilo ɗaya kuma robarsu mai taushi ce tana kama ƙasa. Maganar ƙulle shok kuma, a kan kwalta ko burji mai laushi ne take da amfani. A kan dutse mai gargada gara a bar shi a buɗe, domin shi ne yake manne tayar baya da ƙasa, idan aka ƙulle sai ta riƙa tsalle tana sulɓewa. Muhimmin abu shi ne a daidaita iskarsa ta yadda idan mutum ya zauna zai lotsa kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ana dubawa da ɗan zoben roba da ke jikin sandarsa.

Baban Sadiya:

Madalla da wannan bayani, ƙanena. Ke nan idan na ɗauki Enduro na canza masa tayoyi marasa nauyi, matsalar hawa ta kau. Abin da zuciyata take gaya mini ke nan tun farko. Hajiya, na gode da kulawa, ba na nisa da gari kuma ba na kai magariba a waje.

Injiniya:

Ba haka yaron nan ya ce ba, Malam, kuma ko ya ce haka ban yarda ba. Lissafinsa na nauyi daidai ne a takarda, amma ya bar siffar keken. An kwantar da cokalin gaban Enduro sosai kuma an tsawaita tsakanin tayoyinsa domin ya natsu a gangara da gudu. A hawa mai kwana-kwana a tsakanin duwatsu, inda kake tafiya a hankali, kan keken zai riƙa yawo hagu da dama, kuma canza taya ba ya gyara wannan. Makunnin da ka gani a hoto yana taurara shok ne kawai, ba ya mayar da keken gangara na hawa. Kana so ka sayi keke saboda tafiya guda zuwa Jos, alhali kowane mako a Dutsin-Ma za ka hau shi. Milimita 130 ta ishe ka a Shere, sai dai idan tsalle za ka je yi da wannan ƙugun. Na faɗa, na kuma maimaita, Trance ko Spark.

Malam Mai Gyara:

Tunda dai na ga sai an saya, kowanne aka ɗauka a ce wa surukin ya haɗo da famfon shok, da robobin gyaransa, da cikakken saitin boris na mahaɗai, da ƙarfen riƙe giya guda biyu, da takalman birki. A kuma duba irin man birkin, domin na Shimano daban ne da man DOT da yawancin tsofaffin birkin SRAM suke sha, kuma idan aka zuba wani a madadin wani robobin ciki suna lalacewa.

Baban Sadiya:

Na ji duka, Allah ya saka da alheri. Na ce wa surukina ya ƙara ɗauko hotunan Enduro ɗin ta ƙasa da wajen mahaɗai, ya kuma tambayi mai Trance ko zai rage wani abu, domin yadda farashin yake yanzu ban ga dalilin biyan kusan kuɗi ɗaya a kan alminiyam ba. Tsawona zan auna in faɗa idan na koma gida ranar Juma'a. Kafin nan, akwai wanda ya san mai buɗe shok na iska a Kano ko Kaduna, wanda ya taɓa kai masa aiki da kansa?