Neman taimako: injin lantarkin jirgina yana rage ƙarfi, waya kuma tana zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masunta da masu aikin wuta. Ina da ƙaramin jirgin kamun kifi a dam ɗin Tiga, irin mai faffaɗan dandamali da ke kan dogayen tankuna biyu. Na sa masa ƙaramin injin lantarki mai bolt 12, mai ƙarfin turi fam 55 (fam na awon nauyi), saboda ba ya ƙara balle ya kori kifi.

Batirin na gubar ne, 100Ah (wato yawan cajin da yake ɗauka), kuma yana da nauyi. Da na ajiye shi a baya kusa da injin, sai gindin jirgin ya nutse, don haka na mayar da shi gaba na ƙara waya kusan mita 4. Tun daga nan injin ya daina ja kamar da. In na kai shi gudu na ƙarshe, wayar tana zafi har ba ta taɓuwa, wani lokaci fis ya ƙone. Na san irin wannan inji yana cin kusan amfiya 50 a cikakken gudu, kuma wayar da na ƙara siririya ce. Shin ta 16mm za ta isa, ko sai 25mm? Fis ɗin fa, na amfiya 60 ya dace?

Sannan in iska ta taso da yamma, farfela tana leƙowa sama ta riƙa shan iska. Sandar injin ce ta yi gajarta, ko katakon da na ɗaura shi ne ya yi tsayi?

Wanda ya gwada batirin lithium a ruwa, don Allah ya faɗa min ko ya cancanci kuɗinsa. Na gode.