Waifai na yankewa a Linux: kowa ya faɗi yadda ya gano matsalar tasa

Ɗalibi, Kalgo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sa Linux a laftof ɗina saboda aikin makaranta, komai lafiya sai waifai. In ban ɗora wayata a jikin kwamfutar ba, ba ta ganin hosfot ɗin ko kaɗan, in ta kama kuma sai ta saki. Sau uku ina goge komai in sake sawa, data ta ƙare, matsalar na nan. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labarin yadda ya fita.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina gogewa, direban da ka goge, wato manhajar da ke sarrafa katin waifai, shi ne dai zai dawo. Fara da rubuta umarnin `lspci -nnk` a tagar umarni (terminal), zai nuna maka katin waifai ɗinka da direban da kenel, wato zuciyar Linux, ya haɗa shi da shi.

Irin taka ta zo shagona ba sau ɗaya ba. Ta farkon ta ci mini kwana biyu, har na canja kati, ashe ba shi ba ne. Da na buɗe bayan laftof ɗin sai na ga katin yana da mazaunin eriya biyu, amma waya ɗaya tak aka jona. Direban, `rtl8723be`, yana saurare ta mazaunin da babu komai a kai, shi ya sa sigina ke zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Akwai zaɓi mai suna `ant_sel` da ke gaya masa wanda zai bi. Na buɗe fayil a cikin `/etc/modprobe.d/` na rubuta `options rtl8723be ant_sel=2`, na sake kunnawa, sai ga waifai ɗin maƙwabta ma sun fito. A wata kwamfutar 1 ne ya yi aiki, don haka gwada duka biyun. Abin da ya fi damuna shi ne mai laftof ɗin farkon ya riga ya yanke cewa Linux ba ta da kyau, alhali layi ɗaya ne ya rage.

Malama, Argungu:
Tawa daban ce, waifai ɗin bai ma bayyana ba. Debian 11, wani nau'in Linux, na sa wa kwamfutocin ɗalibaina. Wani ya ce in duba `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel, a nan na ga layin da ke cewa an nemi wani fayil an kasa lodawa, da `error -2` a ƙarshe, wato babu fayil ɗin. Direba yana cikin kenel, amma katin yana buƙatar tasa ƙaramar manhajar da ake loda masa daga `/lib/firmware`, kuma faifan da na sa da shi bai zo da ita ba. Ga shi sai da intanet za a sauko da ita. Na jona waya da kebul na USB na ba kwamfutar intanet ta nan. Daga Debian 12, ta 2023, sun fara haɗo waɗannan fayiloli tun a faifan sawa.

Ɗan Zuru:
Kafin a yi nisa a duba `rfkill list`. Tawa ta nuna an toshe katin daga jikin na'ura, ashe maɓallin jirgin sama ne ya danne. Minti biyar aka gama.

Injiniya, Yawuri:
Malam mai gyara ya yi gaskiya, amma wani lokacin kuskuren a cikin kenel ɗin kansa yake. Waifai ɗina yana aiki lafiya, na sabunta kenel, daga nan duk lokacin da na rufe murfin laftof na buɗe sai katin ya mutu, sai na sake kunna na'urar. Na zaɓi tsohon kenel a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna kwamfuta, lafiya lau. Da na ga haka na san wani canji ne tsakanin biyun ya jawo.

Sai na yi `git bisect`, umarnin da ke taimakawa a gano canjin da ya kawo matsala. Za ka gaya masa kenel mai kyau da marar kyau, ya ba ka na tsakiya, ka gina, ka gwada, ka ce masa ya yi ko bai yi ba, ya sake raba sauran biyu. Tsakanin fitowar kenel ɗaya da na gaba canje-canje sun haura dubu 10, amma da wannan rabawar gwaji 13 ko 14 ya isa. Wahalar ita ce ginin. Watan Afrilu ne, kun san zafin bakin kogi, laftof ɗin na ɗaukar zafi har ya kashe kansa, wuta kuma ba tabbas. Da dare nake yi, na ɗaga shi a kan bulo biyu iska na shiga ta ƙasa. `make localmodconfig` ya taimake ni ƙwarai, don direbobin da na'urata ke amfani da su kaɗai yake ginawa.

Da na samo canjin, `scripts/get_maintainer.pl` ya ba ni sunayen masu kula da direban. Na tura musu lambar canjin da abin da `dmesg` ya rubuta kafin rufewa da bayan buɗewa. Ina roƙonmu mu riƙa kai rahoto. Yawancin kwamfutocinmu tsofaffi ne da aka saya na hannu, masu rubuta direba ba lallai suna da irinsu a gabansu ba, in mun yi shiru ba za su san ya lalace ba.

Ɗalibi, Kalgo:
Allah ya saka da alheri. Yaya mai gyara, katina irin wanda ka faɗa ne. Da `ant_sel=2` sigina ta tashi daga -82 zuwa -51, yanzu ina kamawa daga tsakar gida. Saura abu ɗaya: in na cire caja yakan saki bayan 'yan mintuna.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi:
Madalla. Wannan alamar tsimin batir ce, katin yana barci ya kasa farkawa. Ƙara `fwlps=0` a kan layin nan na `options rtl8723be`, ka bar `dmesg -w` a buɗe kafin ka zare cajar. In ya sake saki, ka turo mana layukan da suka fito a daidai lokacin.