Da gaske bishop ne ke yanke shari'a a daular Rum?

Ɗan Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), harabar Kongo a Zariya. An faɗa mana a aji cewa a ƙarshen zamanin daular Rum mutum kan bar kotun gwamnati ya kai ƙara gaban bishop, wato babban limamin coci, kuma hukuncinsa ya zauna daram. Abin ya tsaya mini a rai. Wace doka ce ta ba shi wannan iko, kuma me ya kori mutane daga kotun sarki?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Haka abin yake. Sarki Konstantin ne ya buɗe ƙofar a shekarar 318, ya ce masu ƙara na iya ɗauke shari'arsu su kai wa bishop ko da alƙali ya fara saurare. A 333 ya ƙara da cewa ko mutum ɗaya ne ya nema, dole abokin shari'arsa ya bi shi, kuma babu ɗaukaka ƙara. Wannan ta 333 ni ban ga adalci a cikinta ba. Yaya za a ja wanda ba Kirista ba zuwa gaban malamin addinin da bai yarda da shi ba? Daga baya, a 398, an mayar da shi sai ɓangarorin biyu sun amince.

Abin da ya kori mutane kuwa, kuɗi ne da jan rai. A garin Timgad da ke Aljeriya a yau an samu wani dutse mai rubutu na wajajen 362, an jera abin da za ka ba ma'aikatan kotun gwamna, har da mudun alkama nawa kowanne zai karɓa. Ka biya mai rubuta takarda, ka biya ɗan aike, shari'ar ba a ma fara ba. Talaka kuma in ya zo shaida ana iya gana masa azaba. Wajen bishop ba ka biyan waɗancan kuɗaɗe.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu a Aljeriya, yakan zauna tun safe yana jin rigimar gado da gona da bashi har lokacin cin abinci, wata rana ma ya wuni bai sa komai a baki ba. Shi kansa ya koka cewa aikin na hana shi karatu da addu'a.

Maman Hafsa, Samaru:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Kamar yadda rigimar iyakar gida a cikin birni kan mutu a zauren mai unguwa kafin ta kai gaban alƙali ke nan. To Yahudawa fa?

Malam na Tudun Wada:
Amin Hajiya. Su ma wata doka daban ta 398 ta bar su su kai rigimar dukiya gaban shugabanninsu in duka sun yarda, kuma alƙalin gwamnati ya zartar da abin da aka yanke. Amma laifi babba irin kisan kai ya ci gaba da zama a hannun gwamna.