Ina kuɗin man Doba? Muhawara a zauren 'yan kasuwar Dembe ta Injamena, babban birnin Chadi

Ɗan Abeche: Jama'a, yau ma masu haraji sun zo shago. Kullum sai a ce akwai giɓi a kasafin kuɗi. Tun 2003 ake tura man fetur na Doba, a kudancin Chadi, zuwa tashar jiragen ruwa ta Kribi a Kamaru. Doka ta ce a ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin man a asusu saboda jikoki, ƙarshen 2005 aka soke asusun, aka wawure kuɗin, aka sayi bindigogi. Mu ake ta tatsa.

Alhaji Mai Atamfa: Wawure? Yaro, iya bakinka. Majalisa ce ta gyara dokar, rana tsaka. A Afrilun 2006 'yan tawaye suka shigo Injamena, suka dawo a Fabrairun 2008 har kusa da fadar shugaban ƙasa. Da asusun jikoki za ka tare su?

Malama: Ranka ya daɗe, in ba wawura ba ce, me ya sa Bankin Duniya ya dakatar da kuɗinsa a 2006?

Alhaji Mai Atamfa: Bankin Duniya ne ya kwana ƙarƙashin gado ana ruwan harsashi, ko mu?

Direba: Wawura sai da dare. Wannan karkatarwa ce.

Malama: Ko ma mene ne sunanta, mu malaman makaranta aka zaftare wa alawus a matakai 16 na tsuke bakin aljihu da gwamnati ta ɗauka a 2016, bayan an ciwo bashin kamfanin Glencore a 2014 don sayen hannun jarin kamfanin mai na Chevron, farashin mai kuma ya faɗi.

Direba: Ku da kullum kuna yajin aiki? 'Ya'yana wata nawa suka yi a gida!

Malama: Ka fara biyan kuɗin littafin da ake binka tukuna.

Ɗan Abeche: Ni fa maganar haraji na kawo.

Alhaji Mai Atamfa: Ka janye "wawure" sannan a yi magana. A 2008 kana ina? Kana Kusseri ta Kamaru, ƙetaren kogi.

Ɗan Abeche: Baba, ai a gada muka haɗu, kana gabana.

Shugaban zaure: Ya isa haka. A taƙaice, kowa ya yarda tsaro ne gaba da komai, marigayi Marshal Déby, shugaban ƙasa na lokacin, kuma ya yi abin da ya wajaba. Ɗan Abeche ya yi wa babba rashin kunya, ya nemi afuwa. Malama da Direba ku ƙarasa ta waya. Na rufe zauren sai bayan isha'i.