Jona MP3 da tsohuwar rediyon Baba, dan Allah a taimaka

ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum yan uwa. Akwai wata tsohuwar rediyon Baba ƴar Japan irin mai hawa-hawa ɗin nan, kaset biyu da manyan sifiku, tun muna firamare take falo kuma har yau in aka ƙure ta sai kaji gilashin taga na rawa. To yanzu kaset ya wuce, shi kuma Baba ido ya yi rauni baya iya latse-latsen waya, shine na siyo masa ƙaramar MP3 na zuba masa tafsiri da karatu a memori. Na siyo waya mai kai ɗaya irin na iyafis, ɗaya bakin kuma kai biyu ja da fari, na soka a baya inda aka rubuta PHONO don nan idona ya fara sauka. Murya na fita amma a shaƙe, bes ya yi yawa sai kace malamin a cikin randa yake magana. Wayar ce jabu ko rediyon ce ta gaji?

mai_gyaran_rediyo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wayarka daidai ce, ramin ne ka kuskure. PHONO na garmaho ne, wato mai faifai, allurar nan abinda take fitarwa ɗan mitsitsi ne shi yasa a ciki akwai abinda ke ninka shi sosai ya kuma ƙara masa bes ya rage kaifi, kai kuma ka kawo MP3 da ƙarfinta ka ɗura a ciki, ai dole ta shaƙe. Ka kashe rediyon, ka mayar da wayar ramin da aka rubuta AUX, wato na jona wata na'ura daga waje, in babu sa a CD ko TAPE wajen da aka rubuta PLAY ko IN. Kar ka sa a REC ko OUT, nan fita ne, sai ka kwana kana jira baka ji komai ba. Ja a ja fari a fari, ja shine dama. Sai ka zo gaba ka murɗa zuwa sunan ramin da ka soka, nan ne mutane da yawa ke mantawa su ɗauko min rediyo a Keke Napep wai ta mutu. Bolum ɗin MP3 ka kai shi kamar kashi 3 cikin 4 ka barshi nan, ka sauke na rediyon ƙasa kafin ka kunna sannan ka riƙa ɗagawa a hankali.

yar_Damagaram:
Ni da zaka ji tawa Malam ka siyo ƴar na'urar FM ɗin nan da ake sawa a mota, ba ruwanka da leƙa bayan rediyo, lamba ɗaya kawai zaka kama. Mu haka muke yi a gida.

mai_gyaran_rediyo:
Hajiya a Kano? Hmm, tsakanin 87.5 da 108 tashoshi sun yi mana yawa, kana cikin jin tafsiri sai talla ta kutso ko shuuu ta rufe malam. Ga shi ana so a sauƙaƙa wa tsoho, in jika ya murɗa lamba shikenan. Tunda akwai AUX waya ta fi, ba batir ba komai. In dai rashin waya ake so gara risiba ta Bluetooth a soka ta a AUX ɗin.

ɗan_Kurna:
Alhamdulillah oga Allah ya saka da alheri, na mayar AUX murya ta fito tar. Da farko sifika ɗaya ce kawai ke yi har na fara zagin mai shago a raina, ashe kan wayar ne bai shige ramin MP3 duka ba, da na danna sai naji ƙas duka biyun suka ɗauka. Saura abu ɗaya, in na sa MP3 ɗin a caji tana yi sai wani zuuuu ya biyo, balle in jannareto ne.

mai_gyaran_rediyo:
Cajar ce, irin ta araha ɗin nan ke turo shi. Canza caja ko ka sa fawa bank, ko kawai a caja ta da daddare a cire in za a kunna. Kuma ka manna ɗan salatef ja a maɓallin AUX don Baba ya riƙa gane shi. A gaida min shi.