Shin tambayar Allah "don me?" alamar raunin bangaskiya ce?

'Yar Michika ta rubuta:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Mun gudu daga Michika a watan Satumba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga garin, muka kwana a kan duwatsu da yara uku kafin mu isa Yola, kuma duk tsawon wannan gudun hijira ban taɓa shakkar Allah ba. Abin da ya karya mini zuciya daga baya ya zo, bayan mun koma gida, mun sake rufin ɗaki, mun fara noma. Maigidana ya kwanta da ciwon ƙoda, na yi azumi, matan zumunta suka yi ta addu'ar dare, amma ya rasu bara da damina. A wurin zaman makoki wata ta ce mini da a ce bangaskiyata ta kai ƙwayar mastad, da ya tashi. Tun daga ranar, in na durƙusa, babu abin da ke fita daga bakina sai "don me?" Shin mai irin wannan addu'a yana cikin masu dogara ga Allah kuwa?

Dattijo daga Jos ya amsa:

'Yata, Allah ya ta'azantar da ke. Matar da ta gaya miki wannan magana ta bi sawun abokan Ayuba ne, waɗanda suka zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma a ganina wannan shirun shi ne mafi alherin abin da suka yi, domin da suka buɗe baki sai suka ɗora masa laifin masifarsa. Ki duba Littafin Ayuba sura ta 42: Elifaz da abokansa biyu Allah ya yi fushi da su, Ayuba kuwa, wanda ya la'anci ranar haihuwarsa, shi aka ce ya yi musu addu'a.

Ki kuma karanta Zabura ta 88. Daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, ta ƙare da ambaton duhu, babu yabo a bayansa, duk da haka tana cikin Littafi Mai Tsarki. Shi kansa Yesu, a kan gicciye, da tambayar farkon Zabura ta 22 ya yi kira: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Wanda ya fid da rai daga Allah ba ya durƙusawa ya tambaye shi kome, tashi yake yi ya kama gabansa, ke kuwa har yanzu gabansa kike kai kukanki.

Malamar Makarantar Lahadi ta amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ƙara wata iyaka, don kada mai karatu ya ɗauka kowane irin ƙorafi daidai ne. Isra'ilawa ma sun yi kuka a jeji, amma a Littafin Ƙidaya sura ta 14 gunaguni suka yi a tsakaninsu, har suka ce a naɗa wani shugaba a koma Masar. Mai zabura da Allah yake magana, su kuwa bayan Allah suka zaga. 'Yar'uwa, a kan batun ƙwayar mastad kuma, ki tuna Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, kuma babu mai cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ne wa'azin zamani ya rage faɗa, shi ya sa mutane suke ɗaukar addu'a kamar ciniki.

Manomi daga Mubi ya amsa:

Mama, ni ba malamin Littafi ba ne. Lokacin da aka mamaye hedikwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi a watan Oktoba na 2014, shugabannin ikkilisiya suka koma Jos, ƙanena ya ɓace a hanya, kuma har yau ba mu ga ko gawarsa ba. Na yi kusan shekara ban iya rera waƙa a sujada ba, zama kawai nake yi a bencin baya ina jin sauran suna rerawa. Wani tsoho da ke zama kusa da ni bai taɓa karanta mini Romawa 8:28 ba, ayar da ke cewa kome yana aiki don alherin masu ƙaunar Allah, ko da yake na san ya haddace ta. Kowace Lahadi sai dai ya buɗe littafin waƙoƙinsa, ya riƙe shi yadda ni ma zan ga rubutun. Ki nemi irin wannan mutumin a cikin matan zumunta.

'Yar Michika ta sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, 'yan'uwa. Na karanta Zabura ta 88 daren jiya sau biyu, da babbar murya, bayan yara sun yi barci. Akwai wata gwauruwa a zumuntarmu da mijinta ya rasu a shekarar gudun hijira, wadda ban taɓa yi wa wannan zance ba. Ranar Alhamis bayan taro zan raka ta gida.