Wane irin wiski mai araha ya dace da ƙaramar ganga?

Barkanmu da warhaka. Ina zaune a Amurka, kuma wata huɗu ke nan ina fama da wata ƙaramar ganga mai cin lita 2, ta itacen oak da aka babbake cikinta, wadda nake ajiye wiski a ciki don ya ɗauki launi da ɗanɗanon itace. Kafin in fara amfani da ita na cika ta da ruwa har kwana uku, sai da ta kumbura ta daina yoyo.

Karon farko na zuba burbon (wiskin Amurka da ake yi galibi da masara) mai araha, mai ƙarfin barasa kashi 40 cikin 100, na bar shi sati shida. Da na ɗanɗana, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta, ga ɗaci da bauri, kuma kusan kwata ɗinsa ya tsere ta jikin itacen. Ina ganin laifina ne, domin burbon ya riga ya kwana a sabuwar ganga tun daga masana'anta, ƙaramar ganga kuwa tana sakin ɗanɗanon itace da sauri saboda yawan inda ruwan ke taɓa katako.

Karo na biyu na gwada farin wiski wanda bai taɓa shiga ganga ba, na sauke shi bayan sati uku. Launi ya fito, amma warin ɗanyar masara da zafin maƙogwaro suna nan daram.

Yanzu da ƙarfin ɗanɗanon itacen gangar ya ɗan ragu, kuma ba na son kashe fiye da dala 25 a kwalba, wanne ya kamata in zuba a karo na uku: farin wiski mai kusan kashi 60, ko burbon mai kashi 50?